Ragin salula: romon baka ne, tiya na nan da tsadarta

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a Kasuwar Dole ya san gyara. An yi ciniki, an sallama, an auna tiya biyar, sai mai awo ya ƙara dintsi ɗaya ko biyu a bisa, ya ce a gaida gida. Mai tumatur na yi, mai gishiri na yi, mahauci ma yakan jefa ɗan tsoka bayan an ɗaure ƙunshi. Ba a cika takarda, ba a tambayi sunan kowa ba, kuma gyaran yana shiga tukunya a ranar.

Yanzu ga wani sabon gyara ana ta yi masa kirari a wayoyin salula. Labarinsa ya iso ta bakin fatake masu zuwa Kano, inda kamfanonin kuɗin waya irin su OPay da PalmPay suka saba mayar wa mutum ƴan kuɗi in ya sayi katin waya, ya kuma iso ta hotunan bidiyo na Turai da Amurka, inda ake nuna uwar gida ta yi cefane, ta ɗauki hoton rasit, kuɗi sun faɗo mata cikin waya. Har an samu masu ilimin zamani suna yi wa ma'aikata wa'azi a majalisun shayi cewa maganin tsadar rayuwa ya samu: a sauke manhaja, a riƙa cefane da wayo, albashi zai kai ƙarshen wata. Wannan magana tana buƙatar amsa tun kafin ta zauna da gindinta, domin akwai yaudara a cikinta, kuma akwai wanda yaudarar take yi wa amfani.

Da farko a duba yadda abin yake aiki a can inda aka haife shi. A Amurka akwai Ibotta, kamfanin birnin Denba wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilu na 2024. A Faransa akwai Shopmium. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Mai masana'antar madara ko sabulu ko bisko yana biyan mai manhaja don a tallata kayansa. Mai manhaja yana jera kayan da aka yi wa ragi. Mai saye ya zaɓa, ya tafi babban kanti ya biya cikakken farashi, ya ɗauki hoton rasit ya aika, sannan a zuba masa wani ɗan kaso a asusu. A Ibotta ba a cire kuɗin sai sun kai dalar Amurka 20. Ke nan kuɗinka sun fita yau, ragin kuma sai ka ci gaba da saye kafin ka taɓa shi.

To me mai manhaja ya samu? Ya samu ladan talla, ya kuma samu abin da ya fi ladan tsada, wato rasit. A cikin wannan ƴar takarda akwai ranar da ka yi saye, da kantin, da abin da iyalinka suke ci, da lokacin da aljihunka yake cika da lokacin da yake bushewa. Ingila ta daɗe da gane darajar wannan. A 1995 kantunan Tesco suka fito da katinsu na Clubcard, bayan wani gwaji da ya sa shugaban kamfanin ya amsa da bakinsa cewa masu nazarin bayanan sun san abokan cinikinsa a wata uku fiye da yadda shi ya san su a shekara talatin. Tun daga nan kowane babban ɗan kasuwa ya fahimci cewa ɗan ragin da ake ba mai saye kuɗin sayen asirinsa ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A yi adalci. Mutumin da yake zaune a Paris, wanda duk cefanensa a babban kanti yake yi, wanda kuma yake da ƙarfin zuciyar da zai sayi abin da ya fito saye kaɗai, zai iya tara wani abu a shekara. Haka nan babu mai hankalin da zai yi faɗa da wayar salula a kasuwanci. Ɗan kasuwar Zango da yake aika kuɗi Agadas ko Yamai ta NITA ko Amana ko Al Izza ya huta da ɗaure jikkuna a ƙugu yana fargabar hanya. Abin da ake musu a kai shi ne a ce wannan ƴar dabara ta kantunan Turai ita ce za ta sauke wa magidancin Birni nauyin tukunya.

Mai karatu ya leƙa kwandon cefanen gidansa. Me ke ciki? Hatsi, dawa, wake, shinkafar awo, kuka, kuɓewa, daddawa, tattasai, albasa, man gyaɗa na kwalba, itace ko gawayi. Wanne daga cikinsu yake da tambarin masana'anta? Wace masana'anta ce za ta biya ladan talla don a sayi tiyar hatsin Mirya ko waken Magarya? Wace mai kuka ce take ba da rasit? Ragin manhaja yana bin kayan gwangwani da na kwali ne: madarar gari, taliya, dunƙulen miya, lemon kwalba, bisko, wanda galibinsu daga waje ake shigo da su. Ashe duk wanda ya bi ragin, ragin zai ja shi daga rumfar mai awo zuwa kantin gilashi, daga abin da manomin ƙasa ya noma zuwa abin da jirgin ruwa ya kawo.

A yi lissafi na misali, kowa ya gwada da gidansa. A ɗauka ma'aikaci yana kashe jika 60 a wata wajen abinci, kuma jika 15 daga ciki na kayan kanti ne masu tambari. In an mayar masa da kashi 2 cikin 100, ya samu sefa 300, dala sittin ke nan, kafin a cire kuɗin intanet da ya ƙone wajen aika hotuna. In kuma kwaɗayin ragi ya sa ya ɗauki kwalin bisko ɗaya da bai yi niyya ba, riba ta koma hasara. Yanzu a juya: buhun hatsi yana cin tiya 40 ko kusa da haka. In farashin tiya ya sauka da dala goma kacal, magidancin ya tsira da jika biyu a buhu ɗaya. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 tun farkon 2024, kowa ya san wanne ne daga cikin lissafin biyu yake hana yaro kwana da yunwa.

Mutanen Damagaram ba baƙin tsada ba ne, kuma sun san inda take fitowa. A watan Janairu na 1994, ɗan garin nan Mahamman Usman yana kan mulki, aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka tashi a kwana kaɗan, a daidai zamanin da ma'aikata suke yin watanni ba su ga albashi ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana yajin aiki bisa yajin aiki. A 2005 gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara da sukari da garin alkama da ruwa da lantarki. Abin da ya sauke wannan haraji shi ne ƙafafun jama'a: ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa wanda Nuhu Arzika yake cikin jagororinsa, zanga-zangar watan Maris, da ranar da aka rufe kasuwanni garuruwa suka yi tsit, har gwamnati ta ja da baya a watan Afrilu. A wannan shekarar ce kuma yunwa ta yi wa jihohin Damagaram da Maraɗi kaca-kaca, alhali hatsi yana jibge a kasuwa, kuɗin saye ne talaka ya rasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya har zuwa watan Maris na 2024, garin da rabin numfashinsa ta hanyar Kano yake shiga ya ji a jikinsa. A cikin waɗannan masifu huɗu, wacce ce hoton rasit zai yi wa magani? Tusa ba ta hura wuta.

Nan ne haɗarin wa'azin masu manhaja yake. Yana ɗauke laifin tsada daga kan masu iko da masu ɓoye hatsi, ya ɗora shi a kan uwar gida, wai ba ta iya cefane ba. Ma'aikacin da ya yarda cewa matsalarsa rashin wayo ne ba zai sake tambayar me ya sa buhun da aka saya da araha a ƙauye lokacin kaka yake ninka kuɗinsa kafin damina ba. Ba zai tambayi shinge nawa motar kaya take tsayawa tsakanin iyaka da Matamai da Damagaram ba, balle nawa direba yake ajiyewa a kowane shinge, kuɗin da a ƙarshe mai saye ne yake biya. Ba zai tambayi ina hatsin gwamnati ya shiga ba. Zai sunkuyar da kai bisa waya yana ƙirga dala sittin, masu cin jika dubu suna wucewa ta bayansa.

Ƴan kasuwa kuma kada su ɗauka wannan gobarar gidan maƙwabci ce. Manhajar ragi tana ƙulla yarjejeniya da mai injin buga rasit da babban jari. Mai tebur na bakin titi da mai ƙaramin shago na unguwa ba sa cikin lissafinta. Alhali su ne suke riƙe da garin nan. Wane ne yake ba malamin makaranta shinkafa da mai bashi daga ranar 15 ga wata, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya jira har albashi ya fito? Wace manhaja ce za ta ɗaga wa mutum ƙafa don an yi masa haihuwa ko rasuwa? Garin da ya yi suna da fatauci tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a shekarun 1850, garin da ayarinsa yake kai wa Kano da Agadas har Tarabulus, garin attajirai irin su Malam Yaro, da amana ya gina kasuwarsa. In aka bari baƙon da ba a san fuskarsa ba ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, yana riƙe da sunayen abokan ciniki da bayanin abin da suke saye, gobe shi zai faɗa wa ɗan kasuwa nawa zai sayar, kuma sai an biya shi kafin ya turo mai saye.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗa wa ƴan kasuwa tasu. Abin da yake buɗe wa irin wannan baƙo ƙofa shi ne mutuwar gyara da tauye mudu. Akwai masu tiya biyu, babba ta saye a ƙauye, ƙarama ta sayarwa a gari. Akwai masu bubbuga gindin tiya ya lotsa ciki. Akwai masu cika sito da kaka su kulle, suna jiran idon talaka ya raina fata. Mai yin haka ba shi da bakin kuka in abokin cinikinsa ya gudu wurin mai romon baka.

Sannan ga ƴan damfara da suke laɓe a bayan kowane sabon abu. Maƙwabta a Najeriya ba su manta da MMM ba, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016. Ƙa'ida mai sauƙi ce: duk manhajar da ta ce sai ka zuba kuɗin rajista, ko sai ka kawo mutum biyar, ko sai ka ba da lambar sirrin asusunka kafin a ba ka ragi, kura ce da fatar akuya.

Abin da ya kamata a nema a fili yake. Ofishin OPVN, wanda aka kafa tun 1970, shi ne mai ragi na gaskiya in an riƙe shi da amana. Shekaru da dama yana sayar da buhu mai kilo 100 a jika 13 lokacin da rumbuna suka ƙare. A liƙa a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari adadin buhunan da kowace unguwa ta samu da ranar sayarwa, don kada hatsin talaka ya kwana a sito ya wayi gari a kasuwa da sabon farashi. Hukumar gari ta fito da tiya ɗaya mai hatimi, ta riƙa zagayawa da ita rumfa rumfa. Farashin da ma'aikatar SIMA take tattarawa a kasuwanni a riƙa karanta shi da Hausa da Barbarci a gidajen rediyo kowane mako. A rage shingayen hanya. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, tana da hukumar HAPDP: duk kamfanin da zai tara rasit ɗin jama'a ya fara bayyana mata inda yake ajiye su da wanda yake sayar wa. In kuma zai riƙe kuɗin mutane a asusu, a ga takardar izininsa ta bankin BCEAO.

Ma'aikata su ma suna da makami a hannu wanda ya girmi salula. Malamai goma na makaranta ɗaya, ko ma'aikatan asibiti ɗaya, in suka yi adashi suka sayi buhuna tare a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwannin ƙauye, abin da za su tsira da shi a watan Yuli ya fi ragin manhaja na shekaru. Ƙungiyoyin ƙwadago da suka iya tsayar da ƙasa cik a shekarun 1990 ba za su kasa hayar sito ɗaya da mota ɗaya ba.

Wanda yake da babbar waya da kantin gilashi kusa da gidansa, ya ɗauki hoton rasit ɗinsa, Allah ya ba da sa'a, amma ya san abin da yake bayarwa a madadin dala sittin. Sauran jama'ar Birni da Zango da Sabon Gari kuwa, tambayarsu ga hukuma da manyan ƴan kasuwa ba ta sake ba tun 1994: nawa ne tiya yau, kuma wa ya ci bambancin?