Man gas a cikin risho: Arahar da ke cika ɗaki da hayaƙi

Idan hunturu ya sauka a Kaya da sauran garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura da Talata Mafara, buƙatar wuta kan ninka. Ga ruwan wankan yara, ga na mai jego, ga ɗumama ɗaki da asuba.

Ba kowa ke da na'urar ɗumama ɗaki mai amfani da kananzir ba, irin wadda ta yawaita a Japan. A nan risho ne ke yin aikin biyu: a dafa abinci, sannan a bar shi a kunne a ji ɗumi.

Matsalar ita ce kananzir ya fi ƙarfin talaka. Tun a 2016 gwamnatin tarayya ta janye tallafinsa, kuma zuwa ƙarshen 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna matsakaicin farashin litarsa ya haura naira 2,000, alhali ta man gas ba ta kai 1,500 ba. Shiga daji neman itace kuwa, a wannan yanki da 'yan bindiga suka addaba, kasada ce da rai.

Shi kuma man gas yana kusa. Masu injin niƙa na da shi, haka manyan motocin da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Ba abin mamaki ba ne magidanci ya yi tunanin zuba shi a risho.

Zai kama wuta, amma ba yadda ake so ba. Man gas ya fi kananzir kauri, don haka ba ya hawa lagwani da sauri. Wutar kan koma ja maimakon shuɗiya, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, lagwani ya daskare cikin 'yan kwanaki. Rarar da aka samu a wajen mai sai ta tafi a sayen sabon lagwani.

Wannan duk ƙaramar asara ce. Man da bai ƙone sosai ba yana fitar da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda janareta ke kashe iyali da ita idan an kwana da shi a cikin gida. A lokacin sanyi kuma ake toshe taga da ƙofa. Ciwon kai, jiri da kasala su ne alamun farko, kuma mai barci ba ya jin su. Jarirai, tsofaffi da masu asma su suka fi saurin jigata.

Abin da ya fi muni shi ne dabarar tsinka man gas da ɗan fetur don ya ci da kyau. Kananzir sai ya yi zafin kusan digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, man gas sai ya wuce 50. Fetur kuwa ko a tsakiyar sanyi tururinsa a shirye yake. Gaurayen fetur da kananzir ne ya jawo fashewar fitilu da risho da ta ƙone mutane da dama a Legas a 2001.

A ƙasashen waje akwai na'urorin ɗumama da aka ƙera don man gas, amma suna fesa man ne, fanka na ba shi iska, kuma an tanade su ne don wuraren aiki masu sarari. Risho mai lagwani ba ya cikinsu.

Wanda ya sayi mai a kwalba a bakin titi ba shi da hanyar sanin abin da aka gauraya a ciki. Sa ido kan ingancin mai aikin hukumar NMDPRA ne, sai dai idonta ya fi kai wa gidajen mai da defo-defo, ba teburin ɗan bumburutu a kasuwar ƙauye ba.