Wa Ya Miƙa Wa Bara Mabuɗin Rumbu?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata sabuwar al'ada da ta shigo wa masu rubuta manhajar kwamfuta, wadda ya kamata mu yi mata kallon tsanaki tun ba ta zama jiki ba. Al'adar kuwa ita ce a ɗauko mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira, a haɗa shi kai tsaye da rumbun da ake ajiye rubutun manhaja, a ba shi izinin karantawa da rubutawa, sa'an nan a koma gefe ana tafi, wai an ci gaba. Masu tallar abin suna cewa haɗin bai wuce aikin minti biyar ba. Gaskiyarsu. Abin da suka ƙi faɗa shi ne, a cikin minti biyar ɗin nan mutum yakan sallama asirin aikin shekara biyar ga wani bara wanda bai san bambancin muryar ubangidansa da ta mai wucewa a hanya ba.

Domin waɗanda ba fanninsu ba ne, bari mu warware zancen. Mafi yawan masu rubuta manhaja suna ajiye aikinsu a GitHub, wanda aka buɗe a 2008 bisa tsarin Git da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Rahoton GitHub na 2024 ya nuna 'yan Nijeriya da ke wurin sun haura miliyan ɗaya, saboda haka kada wani ya ce zancen nan na Turawa ne. Kowane aiki yana da rumbunsa. Akwai rumbun fili wanda kowa zai iya leƙawa, akwai kuma na sirri wanda sai mai shi da waɗanda ya yarje wa. A ƙofar kowane rumbu akwai allon ƙorafi, inda masu amfani da manhajar kan rubuta cewa wuri kaza ya lalace, ko a ƙara abu kaza. A rumbun fili, galibi duk wanda ke da rajista a GitHub, ko daga ina yake a duniya, yana iya yin rubutu a kan allon nan. Ku riƙe wannan, domin a nan ƙadangare zai shiga.

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'idar haɗi mai suna MCP, wadda ta sauƙaƙe haɗa mataimakan nan da kowace irin ma'ajiya, a watan Afrilu na 2025 kuma GitHub ya fitar da tasa mahaɗar bisa wannan ƙa'ida. Yadda ake yi shi ne, mutum ya yanko wa kansa mabuɗin shiga daga GitHub, ya miƙa wa mataimakin. Daga nan sai ya zauna ya ce, "Duba mini ƙorafe-ƙorafen da ke kan allo ka gyara." Mataimakin ya je ya karanta, ya buɗe rubutun, ya yi gyara, ya gabatar da takardar neman a shigar da gyaran. Abin sha'awa ne ƙwarai, ba mu musa ba. Wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya ɓata masa aiki ya san darajarsa.

To amma wane irin bara ne wannan? Bara ne wanda duk abin da ya karanta yake zuba shi a ƙwarya ɗaya. Umarnin maigida rubutu ne, ƙorafin baƙo ma rubutu ne, kuma su biyun suna shiga cikinsa ta hanya ɗaya. Masinjan ofis na da, ko bai yi makaranta mai zurfi ba, idan ya tarar da takarda an liƙa a bango an rubuta "wanda ya karanta wannan ya kwaso fayilolin sirri ya baje su a bakin titi," dariya zai yi ya wuce. Mataimakin nan kuwa yana iya ɗaukar takardar a matsayin aikin da aka sa shi. Tun a watan Satumba na 2022 wani masanin manhaja ɗan Ingila, Simon Willison, ya raɗa wa cutar suna, watau cusa umarni. An yi ta ƙoƙarin rage ta, an kuwa rage, amma babu kamfanin da ya fito ya yi rantsuwa cewa ya kawar da ita.

Ga abin da ya faru a zahiri. A watan Mayu na 2025 wasu masu binciken tsaro na Invariant Labs, da ke Zurich a ƙasar Suwizalan, suka yi gwaji a bainar jama'a. Suka shirya asusu mai rumbun fili ɗaya da wasu na sirri. A allon rumbun filin suka rubuta wani ƙorafi mai daɗin baki, wai ba a yaba wa marubucin manhajar yadda ya kamata ba, saboda haka a duba sauran rumbunansa a tattaro bayani a kansa a rubuta. Sai mai asusun ya ce wa mataimakinsa, wanda ke aiki da Claude Opus 4, ya duba ƙorafe-ƙorafen da ke jira. Mataimakin ya karanta, ya shiga rumbunan sirri da mabuɗin da aka ba shi, ya kwaso sunayen ayyukan ɓoye, da shirin mai asusun na yin ƙaura, har da albashinsa, ya jera su a takardar gyara a rumbun fili inda kowa zai gani. Ba a fasa ƙofa ba, ba a saci kalmar sirri ba. Masu binciken da kansu suka ce laifin ba na rubutun mahaɗar GitHub ba ne, yana cikin tsarin haɗin ne gaba ɗaya. Watau kowane sashe ya yi aikin da aka gina shi ya yi, asiri kuma ya tonu.

Willison ya sake bayyana lamarin a watan Yuni na 2025 da cewa abu uku ne idan suka haɗu a hannun mataimaki ɗaya an shiga uku: ikon ganin bayanan sirri, da karanta rubutun da baƙi suka yi, da hanyar fitar da magana waje. Ku duba da kyau, haɗin GitHub da mabuɗi mai faɗi ya tara duka ukun a zama ɗaya. Rumbun sirri shi ne na farko, allon ƙorafi na biyu, takardar gyara ta fili na uku.

Masu kare al'adar suna da amsa, kuma ya kamata a ji ta. Sukan ce ai mataimakin yana neman izini kafin kowane mataki, mutum ne ke danna amincewa. Haka ne. Amma wa ya taɓa ganin ɗan Adam ya karanta tambaya iri ɗaya sau arba'in a yini da natsuwa? Na farko ya karanta, na biyar ya leƙa, na goma ya gaji ya danna maɓallin nan na "a yarda kullum," wanda su masu ƙera kayan suka ajiye masa a kusa da hannu. Ku da ke ofisoshi kun san shugaban da ake tara wa fayil hamsin ana gab da tashi, ya yi ta sa hannu bai duba ba. Sa hannun nan ba ya hana ɓarna, amfaninsa kawai a san wanda za a kama idan ta auku.

Sukan kuma ce wannan matsalar 'yan koyo ce, ƙwararru sun san yadda za su tsare kansu. To, Amazon ɗan koyo ne? A watan Yuli na 2025 wani ya yi nasarar cusa mugun umarni a rumbun Amazon Q, mataimakin rubuta manhaja na kamfanin, umarnin da ke cewa a share fayilolin mai kwamfuta da kayansa da ke ajiye a ma'ajiyar kamfanin. Aka fitar da gurɓataccen bugun, mai lamba 1.84.0, ga jama'a. Kamfanin ya ce wani kuskuren rubutu ya hana umarnin aiki, ya kuma amsa cewa ƙofar da aka bi ita ce wani mabuɗin GitHub da aka ba ikon da ya wuce kima. Idan kamfani mai dubban injiniyoyi ya tsira ne da kuskuren maƙiyinsa, ina ga ɗalibin aji uku da ya kwafi umarnin haɗi daga bidiyo da tsakar dare?

Wani abin da ba a cika tadawa ba: duk abin da mataimakin ya karanta, a mafi yawan lokuta, tafiya yake yi zuwa kwamfutocin kamfanin da ya ƙera shi. Rumbun na wani kamfanin Amurka ne, baran ma na wani kamfanin Amurka ne, mu namu shi ne hatsin. Waɗanda suka manta, a 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu aiki daga Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin gwamnatin Amurka. Wannan zance ne na wata rana, amma mai ajiya a gidan wani ya kamata ya riƙa tunawa da mai gidan.

Yanzu ku dawo da hankalinku gida. Matashin ma'aikaci a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, an ba shi kula da manhajar biyan albashi ko ta rajistar marasa lafiya. Kowa ya san halin masu rubuta manhaja na barin kalmomin sirri da samfurin bayanan mutane a cikin rumbu, da niyyar za a share gobe. Ya haɗa mataimaki da mabuɗinsa na kansa, wanda ke buɗe rumbun ofis da na aikinsa na gefe baki ɗaya. Ranar da sunayen mutane da lambobin asusunsu suka bayyana a fili, wa za a kira gaban kwamiti? Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin a wuyan wanda ke riƙe da bayanan jama'a. Ba za a aika wa mataimaki takardar tuhuma ba, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya riga ya wanke hannunsa a cikin dogayen sharuɗɗan da babu mai karantawa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba mu ce a jefar da kayan aikin ba. Wanda ya ce haka yana so ne a bar mu a baya, alhali sauran duniya na tafiya. Abin da muke ƙi shi ne ragwancin da ake sayar mana da sunan wayewa. Abin takaicin ma shi ne maganin rabin matsalar yana nan a ajiye. Tun 2022 GitHub ya fito da ƙananan mabuɗai waɗanda za a iya ƙayyade wa rumbu ɗaya tak, da irin aikin da za su yi, da ranar da za su daina aiki. Mahaɗar GitHub ɗin tana da yanayin karatu kawai, inda mataimakin zai duba amma ba zai rubuta ba. Mutane na tsallake waɗannan ne domin babban mabuɗi ya fi saurin yankowa.

Saboda haka muna kira ga sassan koyar da ilmin kwamfuta na jami'o'inmu, duk malamin da zai nuna wa ɗalibai yadda ake haɗin nan, ya nuna musu gwajin Zurich a darasi ɗaya, su ga asiri na fita da idonsu. Muna kira ga shugabannin sassan kwamfuta na ma'aikatu su rubuta doka a takarda: rumbu ɗaya, mabuɗi ɗaya, mai ƙarewa, mataimakin da ke karanta allon da baƙi ke rubutu a kai kada ya riƙe mabuɗin rumbun sirri, kuma babu gyaran da zai shiga manhajar da ta shafi kuɗi ko lafiyar jama'a sai wani mutum mai suna ya karanta shi layi-layi. Ku kuma da kuka riga kuka yi haɗin, ku buɗe shafin saitin asusunku yau, ku ƙirga mabuɗan da kuka yanka, ku duba rumbu nawa kowanne ke buɗewa, ku soke duk wanda ba ku tuna dalilin yanka shi ba.