Mu Daina Sa 'Yar Riƙo Jiran Alhaji

'Yan uwa marubuta, mun ishi mutane da labari ɗaya: marainiya a hannun muguwar matar kawu, ga wanke-wanke ga duka, sai wani Alhaji ya faka mota ya aure ta, wahala ta ƙare. Tausayi muke kiransa, alhali zaman jira muke koyarwa.

Ina goggon da ta ba 'yar riƙonta jarin ƙuli-ƙuli, ta koya mata ware uwar kuɗi daga riba kafin ta sa ta a adashi? Ina baffan da ke aiken ɗan marigayi ƙaninsa Kantin Kwari, in ya dawo su zauna lissafi? Suna nan a unguwanninmu, alƙalumanmu ne suka tsallake su.

Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu. Yaya za a jarraba wanda ba a koya wa ba?

Za a ce wannan ba ya jan masu karatu. To, cikinsu akwai 'yan riƙon. Wadda ba ta iya lissafi ba, ranar rabon gado ita ake cuta, kuma ba Alhajin da zai zo.