Rumbu Biyu, Suna Ɗaya: Wa Aka Cuta?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai masu yi mana wa'azin cewa duk ɓallewar da aka yi a duniyar manhajar da kowa ke da izinin buɗewa ya gyara, wai 'yanci ne, sai a yi tafi. Mu ba mu yarda ba, kuma ga hujjarmu.

FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya kafa a shekarar 2000, shi ne rumbun da manhajoji irin su VLC ke ɗiba don buɗe bidiyo da sauti. A 2011 wasu daga cikin masu aikinsa suka yi wa jagoransu Michael Niedermayer bore, suka kwashi kwafi suka kafa Libav. Wannan haƙƙinsu ne, lasisi ya ba su. Amma ina dalilin riƙe sunayen kayan ciki, libavcodec da libavformat, alhali suna sauya abin da ke cikinsu? Sai ga rumbuna biyu, ƙofa iri ɗaya, hatsi dabam-dabam. Mai rubuta manhaja ya zama tilas ya gwada aikinsa sau biyu, ya cika shi da faci don kada wani ɓangare ya ƙi shi.

Abin takaici ma, Debian da Ubuntu suka bi 'yan tawaye. Wanda ya kira ffmpeg a kwamfutarsa sai a sanar da shi wai an daina yayin wannan, ya koma avconv, alhali FFmpeg na nan da ransa! Mutum nawa aka ruɗa da wannan magana?

Da masu bincike na Google suka bayyana a 2014 cewa sun sa an toshe ɓaraka fiye da 1000 a FFmpeg, abin da aka toshe a Libav bai kai rabin haka ba. Su kuwa masu amfani ba su san suna kwana ƙofa a buɗe ba. A 2015 Debian ta lashe amanta ta koma FFmpeg; Libav bai ƙara fitar da sabon zubi ba tun 2018.

To, a dubi io.js. Ya ɓalle daga Node.js a ƙarshen 2014, ya ɗauki sunansa, ya faɗi ƙorafinsa a fili, kafin 2015 ta ƙare an sasanta an haɗe.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ma'aikatan da ke zaɓar wa ofisoshinsu manhaja: kafin ku jingina da wani reshe, ku duba wa ke toshe ɓarakarsa, kuma cikin kwana nawa. Wanda duk ya ɓalle cikinku, ya raɗa wa kayansa sabon suna tun ranar farko.