Daga Imouraren zuwa Somaïr: shekaru 10 da suka sauya rayuwa a garuruwan yuraniyom

Ranar 19 ga Yuni 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sanar da mayar da kamfanin Somaïr hannun ƙasa, ta karɓe kashi 63.4 cikin ɗari da Orano na Faransa ke riƙe da shi. A Yamai an ɗauki matakin a matsayin nasarar ƴancin kai. A Arlit da Akokan da Dannet kuwa, ya zo ne a ƙarshen shekaru 10 da suka girgiza hanyoyin samun abincin jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin ya soma ne daga Imouraren, a yankin Dannet, kusan kilomita 80 kudu da Arlit. A 2009 aka bai wa Areva lasisin haƙar wannan wuri, mai kimanin tan 200,000 na yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa, da alkawarin fitar da tan 5,000 kowace shekara. Sai hatsarin Fukushima ya auku a Japan a Maris 2011, farashi ya kama faɗuwa daga wajen dala 70 kowace laba har ya sauka ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. Yarjejeniyar Mayu 2014 tsakanin Areva da gwamnatin Issoufou Mahamadou ta jingine aikin, aka sallami ma'aikata. Makiyayan Dannet, waɗanda aka killace wani ɓangare na wurin kiwonsu domin mahaƙar, sun wayi gari ba makiyaya, ba aikin da aka yi musu alkawari. A Yuni 2024 aka ƙwace lasisin daga Orano, amma har yanzu ba a fitar da ko tan ɗaya daga Imouraren zuwa kasuwa ba.

Abin da ya hana yankin durƙushewa a wancan lokaci shi ne zinariya. A 2014 aka gano ta a Djado, sannan a Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban matasa suka kwasa can, Arlit ta zama zangon sayen ruwa da mai da abinci da na'urar gano zinariya. A ganina, wannan ne babban sauyin da ba a cika magana a kansa ba: garin da aka gina domin yuraniyom ya koma dogaro da ma'adinin da babu albashi a cikinsa, babu asibitin kamfani, babu fansho.

Dokar 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure, ita ma ta tsuke hanya. Daga 2016 aka shiga kama direbobi da karɓe motoci, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, har sojoji suka soke ta a Nuwamba 2023. Aljeriya dai ba ta daina sauke mutanen da ta koro a kusa da Assamaka ba, kuma ta Arlit yawancinsu ke biyowa.

Bugun da ya fi zafi ya zo ranar 31 ga Maris 2021, lokacin da aka rufe Cominak a Akokan bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 tun 1978. Ma'aikatan kamfani wajen 600 sun samu kuɗin sallama. Ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya da su a cikin rami, ba su samu irin wannan kulawa ba. Duk mai shago a kasuwar Akokan ya san abin da rashin albashin ƙarshen wata ke nufi. Kamfanin ya kuma bar tulin dattin ma'adini mai tururin guba, kimanin tan miliyan 20, a gefen gari. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna jan kunne kan haɗarinsa ga iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Orano ya soma aikin rufe tulin, aikin da aka tsara zai ɗauki shekaru. Yanzu da aka raba gari da shi, wa zai biya kuɗin ƙarasawa, kuma wa zai ci gaba da auna ruwan rijiyoyi? Wannan tambaya ta fi taɓa iyalan Akokan fiye da sunan mai hannun jari.

Amurka ma ta zo ta wuce cikin waɗannan shekaru. Ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi na 201 a Agadas, ya soma aiki a 2019, ta fice daga cikinsa a Agusta 2024 bayan Yamai ta soke yarjejeniyar soja a Maris. Mai bin hanyar Agadas zuwa Arlit bai ga bambanci da zuwanta ba: ramukan kwaltar suna nan, duk da Yuro miliyan 90 da Areva ya yi alkawari a 2014 domin gyaran hanyar Tahoua zuwa Arlit.

Abin takaicin shi ne, a Janairu 2024 farashin yuraniyom ya haura dala 100, karon farko tun 2007, daidai lokacin da iyakar Benin ke rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kafin rufe iyakar, hanyar Kwatano ita ce ke shigo da sinadaran sarrafawa, ita ce kuma ke fitar da kaya. A Satumba 2025 kotun sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya ta umarci Nijar da kada ta sayar da yuraniyom ɗin Somaïr kafin a yanke hukunci, hukumomin Yamai kuma suka ce dukiyar ƴan ƙasa ce, za su sayar wa wanda suka ga dama.

Ga Dannet da maƙwabtanta, ma'aunin ya samo asali ne daga dokar ma'adinai ta 2006, wadda ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Magadan gari na jihar Agadas sun sha kukan jinkirin biyan wannan kaso tun zamanin Areva. A yau gwamnatin da ke karɓar harajin ita ce mai Somaïr baki ɗaya, don haka ita kaɗai za a tambaya idan kuɗin bai iso ba.