Hoto ya yi kyau, amma agogon manhajar ya yi ƙarya

A ranar 4 ga Agusta, 2018, masu bincike na shirin New Horizons na hukumar NASA da takwarorinsu na Senegal sun kafa na'urorin hangen nesa a sassan ƙasar, suna jiran wani dunƙulen ƙanƙara mai suna Arrokoth ya gitta gaban wani tauraro. Tsawonsa kusan kilomita 36 ne, inuwarsa kuma tana gudu a doron ƙasa fiye da kilomita 20 cikin sakan ɗaya. Kuskuren kashi ɗaya bisa goma na sakan daidai yake da ɓatar da kilomita 2 a lissafi. Shi ya sa suka yi aiki da kyamarar QHY174M-GPS, wadda ke buga lokaci a kan kowane hoto kai tsaye daga GPS.

Galibin masu sha'awar kallon taurari ba su da irin wannan kyamarar, sai su dogara da manhaja. A nan gizo ke saƙar. Manhaja na iya rubuta lokacin da hoto ya iso kwamfuta, ba lokacin da kyamara ta fara karɓar haske ba. Tsakanin biyun akwai jinkirin USB da na direba, ga agogon kwamfutar da kansa ke zamewa ko da an daidaita shi ta NTP. A kyamarorin CMOS da dama ma, layin saman hoto da na ƙasa ba lokaci guda suke karɓar haske ba.

Fayil ɗin FITS yana da gurbin DATE-OBS, inda aka saba rubuta farkon ɗauka a lokacin UTC. Manhajar da ta cika gurbin nan da agogon kwamfuta, har da lambobi uku bayan ɗigo, ba tare da gargaɗi ba, ta yaudari mai amfani da ita. Lambar ta yi kama da gaskiya, alhali ƙiyasi ce.

Za a ce mai ɗaukar hoton Wata don nishaɗi bai damu da wannan ba. Haka ne, amma wata rana ɗalibi zai ɗauko fayil ɗin ya yi awo da shi.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Masu rubuta manhaja su bayyana a cikin fayil ko lokacin na farkon ɗauka ne, ko tsakiya, ko ƙarshe, kuma daga wane agogo ya fito. Mai kyamara kuwa ya haɗa ƙaramin ƙwan LED da na'urar GPS mai bugun PPS duk sakan, ya ɗauki hotonsa, ya auna jinkirin kafin daren aiki.