Sarkin da Finlan Ta Ara Ba Ta Mayar Ba

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan bokonmu, wai harshen da ya cika aro ya zubar da mutuncinsa, harshe na gari kuwa shi ne wanda bai taɓa miƙa wa maƙwabci ƙoƙon bara ba. Maganar nan ba ta da tushe, shaidata kuma tana can arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik.

Harshen Finlan ba dangin Jamusanci ko Turanci ba ne. Ɗan'uwansa na kusa shi ne harshen Estoniya, na nesa kuma na Hangari, a zuriyar da masana ke kira Ural. Duk da haka, in mutumin Finlan zai ce sarki, *kuningas* yake cewa. Bature na cewa *king*, Bajamushe na cewa *König*. Da masana suka bi diddigin waɗannan biyu zuwa tsohon harshen da ya haife su, sai suka tarar da *kuningaz*. Masu kaya sun yi ta gutsurar kalmarsu har ta koma gaɓa ɗaya a Turanci, mai aro kuwa ya adana ta kusan yadda ya karɓa, kimanin shekara 2,000.

Vilhelm Thomsen, masanin harsuna ɗan ƙasar Denmak, shi ya kafa hujjar wannan aro a 1869, kuma bai dogara da kamannin sauti kawai ba, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Ƙa'ida ake nema mai maimaita kanta. Tsohon harshen Finlan ba ya jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, saboda haka yakan yar da na farko. Ta haka *skauniz* ta zama *kaunis*, wato kyakkyawa, *hrengaz* ta zama *rengas*, wato zobe, *hlaibaz* kuma ta zama *leipä*, wato burodi. Hatta *äiti*, kalmar da yaro ke kiran mahaifiyarsa da ita, bincike ya danganta ta da *aithei* ta harshen Got. Tasu ta gado, *emo*, yau uwar dabba aka fi kira da ita.

Masu rajin tsarkake harshe za su ce ai mutanen Finlan sun ƙirƙiri *puhelin* don tarho, da *tietokone*, wato injin sani, don kwamfuta. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma wa ya ji sun kori *kuningas* ko *äiti* don su baƙi ne? Ƙirƙira da aro duka kayan aikin harshe mai rai ne.

Abin da ya sa na damu shi ne ɓarnar da wannan aƙida ke yi a teburin edita da na mai fassara. Ana soke kalmar da kowa ya sani don kawai an aro ta, a dasa wata da ba wanda ya taɓa ji, har sanarwar kiwon lafiya ta gagari tsohuwar da aka rubuta dominta. Wanda ke wannan aiki da alƙalami yake yi, a cikin littafi, duka biyun kuwa daga Larabci muka same su. Ashanar da ya kunna wa fitilarsa ma daga Yarbawa ta zo.

Kalma takan zama 'yar gida ranar da bakin jama'a ya lanƙwasa ta ta bi ƙa'idarsu. Kafin edita ya soke ta, ya fara tambayar ko mutanen kasuwa sun fahimce ta.